Baftismar mai bi: dalilin da ya sa ake jira sai mutum ya amsa da bakinsa

A Jos ba sai mutum ya yi nisa ba kafin ya ci karo da saɓanin da ke tsakanin Kirista a kan baftisma. Hedikwatar ECWA a garin take, haka ta COCIN da ta TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya), ga Katolika da Angilikan da Baptis da EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), ga kuma majami'un Fentikos a kusan kowane layi tun daga Tudun Wada har Bukuru. Auratayya ta cakuɗa mutanen waɗannan ɗariku, ta yadda a gida ɗaya za a sami uwar da aka yi wa baftisma tana goye, da uban da ya shiga ruwa da ƙafarsa yana saurayi. Ran da Allah ya ba su ƙaruwa, maganar takan taso tun ba a yi suna ba. Dangin uwa su ce a kai jariri a yi masa baftisma. Dangin uba su ce a'a, a dai miƙa shi ga Ubangiji da addu'a, baftisma kuwa sai ya girma ya nema da kansa.

Abin da dangin uban nan suke riƙe da shi, shi ne baftismar mai bi. Koyarwar ita ce ba a yi wa kowa baftisma sai wanda ya ji bishara, ya tuba, ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ya kuma furta haka da bakinsa a gaban jama'a. Yawan shekaru ba shi ne sharaɗi ba. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ta san abin da ta gaskata ta cancanta, dattijo mai furfura da ya zo don kawai a daina yi masa gori bai cancanta ba.

Yana da kyau a san iyakar gardamar tun da wuri, domin mutane kan faɗaɗa ta fiye da yadda take. Katolika da Angilikan da Lutaran su ma, idan babban mutum ya zo musu daga waje, sai sun koyar da shi ya furta bangaskiyarsa kafin su yi masa baftisma. A kan wannan babu mai ja. Wuri ɗaya ne aka rabu, wato 'ya'yan da aka haifa a gidan masu bi. Ni ina tare da masu cewa a jira, kuma zan faɗi dalilina, amma ban ɗauki waɗanda suka bi ɗaya hanyar a matsayin masu ƙin Maganar Allah ba. Suna da hujjojinsu, kuma ba na wasa ba ne.

Hujjar farko ta masu jira ita ce yadda abubuwa suke bin juna a Sabon Alkawari. A ƙarshen Matiyu, sura 28, Yesu ya umarci almajiransa su je su almajirtar da dukan al'ummai, suna yi musu baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, suna koya musu kiyaye abin da ya umarta. Ranar Fentikos, da wa'azin Bitrus ya soki zukatan mutane suka tambayi abin da za su yi, ya ce su tuba a yi musu baftisma, kuma Luka ya rubuta a Ayyukan Manzanni cewa waɗanda suka karɓi maganarsa su aka yi wa, mutum wajen 3,000. A Samariya sai da mutane suka gaskata wa'azin Filibus sannan aka yi musu, maza da mata. Mutumin Habasha, ma'ajin sarauniyarsu, yana karanta Ishaya a cikin karusarsa a hanyar Gaza, Filibus ya bayyana masa abin da yake karantawa, sai shi da kansa ya hango ruwa ya tambaya me zai hana a yi masa baftisma. Duk inda aka ba da labarin mutum guda dalla-dalla, ji ne ke zuwa farko, sai gaskatawa, sai ruwa.

Akwai aya ɗaya da masu wa'azi ke son jawowa a nan, Ayyukan Manzanni 8:37, inda Filibus ya ce wa mutumin idan ya gaskata da dukan zuciyarsa ana iya yi masa. Ayar ba ta cikin rubuce-rubucen hannu mafi daɗewa, shi ya sa fassarori da yawa suke sa ta a ƙasan shafi. Gara mai koyar da aji ya gaya wa ɗalibansa haka da kansa tun kafin su ji daga bakin wani. Koyarwar ba a kanta ta jingina ba.

Abin da ya fi jerin labaran nan nauyi shi ne ma'anar da manzanni suka ba baftisma. A Romawa sura 6 Bulus ya ɗauke ta a matsayin binnewa: an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma cikin mutuwarsa, domin kamar yadda aka tashe shi daga matattu, mu ma mu yi tafiya cikin sabon rai. Kolosiyawa 2:12 ta maimaita haka, ta ƙara da cewa tashin ta wurin bangaskiya ne. Wannan ne ya sa yawancin ikilisiyoyin da ke baftismar mai bi suka riƙe nutsarwa. Mutum ya ɓace a ƙarƙashin ruwa, numfashinsa ya tsaya na ɗan lokaci, rayuwarsa tana hannun wani, sannan a ɗago shi. Wanda yake tsaye a bakin ruwa, ko bai iya karatu ba, ya ga mutuwa da tashi da idonsa. Bitrus kuma a wasiƙarsa ta fari, 3:21, ya ce ba kawar da dauɗar jiki ake nufi ba, mutum ne yake fuskantar Allah da lamiri mai kyau. A nan ne ni dai nake tsayawa. Jariri ɗan wata ɗaya ba shi da wata tsohuwar rayuwa da ya juya wa baya, ba shi kuma da bakin da zai amsa wa Allah da shi. Iyaye na iya yi masa alkawari, kuma alkawarinsu abu ne mai daraja, sai dai nasu ne.

Masu wannan koyarwa suna nanata cewa ruwan ba ya ceto. Ceto ta alheri ne, ta wurin bangaskiya, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta faɗa. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai taɓa ruwa ba, amma an yi masa alkawarin Firdausi. A gidan Karniliyas Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa mutane tun Bitrus yana magana, daga baya aka yi musu baftisma. Siman mai sihiri kuwa an yi masa a Samariya, amma ba a daɗe ba Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Don haka ruwan baftisma ba magani ba ne, ba abin ɗiba a kwalba a kai gida ba ne.

Sai dai a garin kare wannan gaskiya wasunmu sun zarce. Za ka ji ana cewa “ai alama ce kawai”, da muryar da ke nuna ko an yi ko ba a yi ba duk ɗaya. Sabon Alkawari bai san mai bi da yake zaune shekara da shekaru ba baftisma ba. Mai gadin kurkukun Filibi a daren da ya gaskata aka yi masa, bayan ya wanke wa Bulus da Sila raunukansu. Abin ya yi kama da ɗaurin aure. Saurayi da budurwa na iya amincewa da juna tun da daɗewa, amma ran da aka tara shaidu aka ɗaura, ran nan gari ya sani, hakkoki suka hau kansu, kuma babu mai cewa ɗaurin auren alama ce kawai. Da baftisma ne mutum yake shiga ikilisiya a bayyane, a ba shi wuri a Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, ya kuma yarda 'yan'uwa su tsawata masa idan ya kauce.

To, me ɗaya ɓangaren yake cewa? Na farko suna nuna gidajen da aka yi wa baftisma gaba ɗaya: gidan Lidiya, gidan mai gadin kurkuku, gidan Istifanas a Koranti. A zamanin da gida yake ɗauke da 'ya'ya da barori, in ji su, da wuya a ce duk cikin waɗannan babu ƙaramin yaro. Na biyu suna haɗa baftisma da kaciya. Ɗan Isra'ila ana yi masa alamar alkawari yana ɗan kwana takwas, bai san komai ba, kuma Kolosiyawa 2:11-12 ta ambaci kaciya da baftisma a wuri ɗaya. Bitrus ma ranar Fentikos ya ce alkawarin naku ne da 'ya'yanku. Na uku, kuma a ganina ita ce mafi ƙarfi, suna cewa baftismar jariri tana shaida cewa Allah ne ya fara, alherinsa ya riga duk wani abin da mutum zai yi ko ya faɗa. Daga baya yaron zai tabbatar da bangaskiyar da bakinsa, a Katolika da Angilikan a gaban bishop.

Amsar masu jira ita ce ba a ambaci jariri ko ɗaya a gidajen nan ba. A gidan mai gadin kurkuku an ce an faɗa wa duk mutanen gidan maganar Ubangiji, kuma gidan Istifanas an ce sun ba da kansu ga yi wa tsarkaka hidima. A kan kaciya kuma suna cewa Isra'ila da haihuwa ake shigarta, ikilisiya kuwa da sabuwar haihuwa. Game da alherin da ya riga komai, sun yarda ɗari bisa ɗari, shi ya sa suke kawo jarirai gaban jama'a a ɗora musu hannu a yi musu addu'a, kamar yadda Yesu ya rungumi yara ya sa musu albarka. Abin da suke lura da shi shi ne a wurin nan albarka ya sa musu, bai ce a kai su ruwa ba.

Tarihi bai raba gardamar da sauƙi ba. Wani ɗan littafin koyarwa na ikilisiyar farko da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya ce a koyar da mutum tukuna, ya yi azumi, a yi masa baftisma a ruwa mai gudu, in babu a yi da wani ruwan, in kuma ruwan bai isa ba a zuba masa a ka sau uku. A fili yake da mai hankalin kansa ake magana. Wajen shekara ta 200 Tertullian, wani malamin ikilisiya na birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ba da shawarar a jinkirta wa ƙananan yara har su iya sanin Almasihu, kuma shawarar tasa kanta tana nuna cewa a lokacin an riga an fara yi wa yara. Wajen 253 taron bishop-bishop a wannan birni, ƙarƙashin Cyprian, bishop na birnin, ya yanke cewa ba sai an jira jariri ya kai kwana takwas ba. Duk da haka Agustin, babban malamin ikilisiya wanda uwarsa Monika Kirista ce mai ibada, sai a shekara ta 387 aka yi masa baftisma a Milan yana da shekara talatin da 'yan kai. Kuma shi ɗin ne koyarwarsa a kan zunubin gado ta ƙara wa baftismar jarirai ƙarfi, har ta zama ita ce al'ada a Turai fiye da shekara dubu.

A tsawon wannan lokaci baftisma ta haɗe da zama ɗan ƙasa. Duk jaririn da aka haifa a gari ana yi masa, ikilisiya da gari sun zama abu ɗaya. Wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa abin da ya faru a birnin Zurich na Suwizalan ya jawo zubar da jini. Ranar 21 ga Janairu 1525 wasu tsofaffin ɗaliban Zwingli, jagoran gyaran ikilisiya a birnin, suka taru a gidan su Felix Manz. George Blaurock ya roƙi Conrad Grebel ya yi masa baftisma bisa furcin bangaskiyarsa, shi kuma ya yi wa sauran. Dukansu an yi musu tun suna jarirai, don haka abokan gāba suka laƙaba musu sunan masu maimaita baftisma. Hukumar birnin ta ɗauki abin tawaye, ta kafa dokar kisa a 1526, kuma ranar 5 ga Janairu 1527 aka ɗaure Manz aka jefa shi cikin kogin Limmat ya mutu. A 1529 majalisar daular da ta zauna a Speyer ta Jamus ta tabbatar da hukuncin kisa a kansu, Katolika da Furotesta suka haɗu a kan haka. Abin da waɗannan mutane suka mutu a kansa shi ne cewa ba sarki, ba uba, ba majalisar gari da ke da ikon ba da gaskiya a madadin wani.

Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne waɗancan na Zurich zuba ruwa suka yi a daren farko, ba nutsarwa ba. Haka John Smyth, Baturen Ingila da ya kafa ikilisiyar Baptis ta farko a Amsterdam a 1609. Sai a shekarun 1640 Baptis na Ingila suka tsaya a kan nutsarwa, suka rubuta ta cikin bayanin bangaskiyarsu na 1644. Ke nan tambaya biyu ce daban, wa za a yi wa, da kuma yaya za a yi. Ta farkon ce tushe. A 1708 kuma, a ƙauyen Schwarzenau na Jamus, mutum takwas, har da Alexander Mack, suka yi baftisma a kogin Eder, kuma daga zuriyar wannan ƙungiya ne masu mishan suka zo Garkida a 1923, inda EYN ta samo asali.

A ƙasarmu koyarwar ta shigo ta ƙofofi da dama. Thomas Jefferson Bowen na Baptis ya iso ƙasar Yarbawa a 1850. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka a Legas a 1893, mishan ɗinsu na SIM shi ya haifi ECWA a 1954. Karl Kumm da abokansa na SUM sun isa Wase a 1904, kuma daga aikin rassan wannan mishan ne COCIN da wasu ikilisiyoyi da dama suka fito. A zamanin kakanninmu tambayar jarirai ba ta da zafi, domin kowa sabon tuba ne, kowa da bakinsa ya amsa, sau da yawa bayan doguwar jira da koyon karatu. Sai da aka fara haifar 'ya'ya a gidajen Kirista bambancin ya fito sarari. Abin sha'awa shi ne TEKAN, wadda aka kafa a 1955, ta haɗa masu yi wa jarirai irin su LCCN ta Lutaran da NKST ta Tibi da masu jira irin su EYN a inuwa ɗaya, kuma fastocinsu a aji ɗaya suke karatu a kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru.

Yadda ake yi a yawancin majami'un Jos da ke bin wannan hanya sananne ne. Ana sanar da buɗe ajin baftisma, masu so su ba da suna, a yi watanni ana koya musu tushen bangaskiya, ma'anar ceto, Jibin Ubangiji, bayarwa, aure da horon ikilisiya. Daga nan sai zama a gaban fasto da dattawa ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan zaman shi ne zuciyar al'amarin. Dattijo ya ce, “Ɗana, yaushe ka karɓi Yesu?” Yaro ya ce, “Baba, ai tun ina ƙarami nake zuwa majami'a.” Dattijon ya ce, “Na sani, a gabana aka haife ka. Ba zuwa majami'a na tambaye ka ba.” Wani a nan ne karo na farko da zai gane bangaskiyar iyayensa ce yake yawo da ita. Akan kuma karanta sunayen a gaban jama'a, domin in akwai wanda ya san wani abu ya zo ya faɗa.

Ranar baftisma wasu majami'u suna da ramin ruwa da aka gina a ciki ko a harabar majami'a, wasu kuma rafi ko dam suke zuwa. Mutanen Filato sun san kududdufan da haƙar kuza ta bari, sun kuma san wasunsu suna da zurfin da ido ba ya gani, don haka dattawa kan shiga da sanda su gwada wurin tukuna. Idan abin ya faɗo a watan Disamba, lokacin hunturu, shiga ruwan Jos da safe kansa jarrabawa ce. Fasto ya tsaya ruwa iya ƙugu, ya sake tambayar mutum ko ya gaskata Yesu Almasihu Ɗan Allah ne kuma Mai Cetonsa, ya amsa kowa na ji, sannan a nutsar da shi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da yawa sau ɗaya suke yi, ta baya, kamar yadda ake kwantar da mamaci. 'Yan EYN durƙusawa mutum yake yi a nutsar da shi ta gaba sau uku, sau ɗaya ga kowane suna. Matan zumunta na bakin ruwa da zannuwa suna rufe mata da zarar sun fito, ana waƙa. Daga baya a miƙa musu hannun zumunci, su ci Jibi karo na farko. A dā mutane da yawa a ranar ne suke ɗaukar sabon suna daga Littafi, shi ya sa Bitrus da Yakubu da Saratu da Rahila suka cika gidajenmu, ko da yake babu ayar da ta wajabta canja suna.

Ga wanda ya fito daga gidan da ba na Kirista ba, ranar nan ba biki kawai ba ce. Dangi kan jure zuwansa majami'a suna sa ran zai dawo, amma baftisma suke ɗauka a matsayin yanke shawara ta ƙarshe. Fasto mai hankali ba ya gaggawar ɗaukar irin wannan mutum hoto a baza a Facebook. Shaidu kaɗan masu aminci sun isa.

Akwai tambayoyin da ke ba dattawa wahala, kuma wadda ta fi yawan tasowa a Jos ita ce ta wanda aka yi wa yana jariri, ya girma ya koma ikilisiyar da ke nutsarwa. Ita sabuwar ikilisiyar takan ce ba maimaitawa take yi ba, domin a ganinta na farkon bai cika sharaɗi ba. Ikilisiyar da ya baro kuma tana jin an zubar da abin da ta ɗauka mai tsarki, tana kuma tuna wa kowa Afisawa 4:5, Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. Takardar da Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ta fitar a Lima a 1982 ta roƙi ɗariku su amince da baftismar juna, su guji duk abin da zai zama kamar maimaitawa, amma ikilisiyoyi da yawa masu baftismar mai bi ba su ga yadda za su karɓi wannan ba tare da sakin tushensu ba. Ni a nan abin da nake roƙo shi ne ladabi. Idan lamirin mutum ya kai shi ga neman ruwa, a yi masa, amma kada a sa shi ya raina abin da iyayensa suka yi masa da kyakkyawar niyya, kada kuma a ce da shi dā can arne ne. Abin da ba shi da madafa ko kaɗan shi ne wanda aka nutsar bisa furcin bakinsa a ECWA, ya koma wata majami'a a ce sai an sake. Wannan ba koyarwa ba ce, neman mabiya ne.

Maganar mai mata fiye da ɗaya ta fi wannan ciwo. Ikilisiyoyin da mishan suka kafa sun daɗe suna hana irin wannan mutum baftisma sai ya sallami sauran matan, kuma mata da 'ya'ya ne suka sha wuyar wannan doka. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth ya tsaya a kan hanin a 1888, sai bayan shekara ɗari, a 1988, ya buɗe ƙofa ga wanda ya tuba yana da matansa, bisa sharaɗin ba zai ƙara wata ba. Mu da muke cewa tuba da bangaskiya su ne sharaɗin baftisma, ya kamata mu yi wa kanmu tambaya da gaske kafin mu ƙara wani sharaɗin da zai jefa uwar 'ya'ya a titi. Tsoho ko majinyacin da ba zai iya shiga ruwa ba kuwa, tun zamanin Didake an san zubawa, kuma ban ga dalilin hana shi ba.

Sai batun shekaru. Littafi bai yanka wani adadi ba, kowace ikilisiya da abin da ta saba, galibi daga lokacin da yaro ya fara zama matashi. Iyaye kan matsa, suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne a wajen tarbiyya, amma idan aka tura yaro ruwa don sa'o'insa duk sun shiga, an dawo ga abin da aka ce ana gudu, wato bangaskiyar wani a kan wani. Bambancin kawai shi ne wannan karon yaron yana tafiya da ƙafarsa.

Wannan ne ma ya fi damuna fiye da duk gardamar da ke tsakanin ɗariku. Katin baftisma ya zama takardar da ake nema wajen ɗaurin aure, wajen zaɓen shugabannin ƙungiyoyin majami'a, wani lokaci har wajen tabbatar da ranar haihuwa. Don haka ajin baftisma kan cika da waɗanda aka riga aka sa musu ranar aure, suna lissafin ko za a gama kafin lokacin. Su haddace amsoshi, dattawa su ji nauyin iyayensu, a wuce da su. Fasto ma yana da rahoton da zai kai gunduma, kuma adadi mai yawa ya fi daɗin karantawa. Ikilisiyar da ta ce ita sai mai bi take yi wa baftisma, sannan ba ta taɓa ce wa kowa “ba tukuna” ba, ta riƙe ruwan ta saki dalilinsa.

Gyaran ba ya bukatar sabon tsari daga hedikwata. A raba maganar baftisma da ranar aure, ta yadda wanda ya zo neman ɗaya ba za a tura shi ya ƙwaci ɗayar cikin gaggawa ba. Dattawa su rage tambayoyin hadda, su bar mutum ya ba da labarinsa da kalmominsa, da Hausa ko da Berom ko da Ngas ko duk harshen da zuciyarsa ta fi sakewa da shi. Wanda kuma aka ce wa ya dakata, kada a karanta haka a gaban jama'a, kada a bar shi ya koma gida da kunya shi kaɗai. A haɗa shi da wani dattijo ko wata Mama daga zumuntar mata da za ta riƙa zama da shi suna karatu da addu'a, a kuma gaya masa lokacin da za a sake jin ta bakinsa.